Wutar Zuciya, Wutar Gari

Ranar Asabar, 23 ga Yunin 2018, ana idar da sallar azahar a ƙauyen Nghar Yelwa da ke ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta jihar Filato, sai ƙarar bindiga ta tashi. Kafin a ce kwabo hanya ta cika da mutane a guje, galibinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka afka wa. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83, bai tsaya tambayar kowa addininsa ba. Ya shigar da mata cikin gidansa, ya kai maza masallaci, aka rufe ƙofa. Da aka ƙirga daga baya, mutum 262 ne.

Maharan suka biyo sawu har bakin masallacin, suka ce a fito musu da mutanen. Malam ba shi da ko sanda. Ya tsaya tsakaninsu da ƙofa ya ƙi buɗewa, ya zube ƙasa yana roƙo yana kuka, ya ce in jini suke nema su fara da nasa. Suka juya suka tafi, suka cinna wa coci biyu wuta a kusa. 'Yan sanda sun ce mutum 86 aka kashe a hare-haren wannan mako, mazauna yankin sun ce adadin ya haura 200. A cikin waɗanda ke bayan ƙofar liman ba a taɓa ko ɗaya ba.

A watan Yulin 2019 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ba shi lambar girmamawa. Amma abin da ya fi lambar nauyi shi ne amsar da ya bai wa wakiliyar BBC kwanaki kaɗan bayan harin, da ta tambaye shi dalilinsa. Ya tuna mata cewa sama da shekara 40 da suka wuce, Kiristocin yankin ne suka bai wa Musulmi filin da aka gina wannan masallaci, kyauta, ba su karɓi ko sisi ba. Mutanen da suka ba da filin nan ba su san suna gina wa jikokinsu mafaka ba. Maƙwabci ne ya nemi wurin sallah, suka ba shi.

Akwai tsohuwar magana da addinai da yawa suka yi tarayya a kanta, cewa zaman lafiyar duniya daga zuciyar mutum ɗaya yake farawa. Dalai Lama, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1989, ya shafe rayuwarsa yana nanata ta. Thich Nhat Hanh, malamin addinin Buda ɗan Biyetnam, ya koya wa matasa su lura da numfashinsu a daidai lokacin da bama-bamai ke sauka a ƙasarsa, sannan ya tura su sake gina ƙauyukan da aka rusa. Hatta kundin da ya kafa hukumar UNESCO a 1945, watanni kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɗora harsashinsa ne a kan cewa tunda a zukatan mutane yaƙi ke somawa, a can ya kamata a gina ganuwar zaman lafiya.

Mai hankali yana da damar ya yi shakka. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ba don talakan Omdurman sun rasa natsuwa ya ɓarke ba. Janar-janar biyu ne suka kasa raba mulki, kuma kowannensu yana da masu ba shi makami daga waje. Gaisuwa ba ta tare jirgin yaƙi. Duk wanda ya ce wa ɗan gudun hijira ya gyara zuciyarsa yaƙi zai ƙare, ya ƙara masa zalunci a kan zalunci.

Sai dai akwai abin da wannan shakka take mantawa. Manya ne ke shirya fitina, amma da hannun ƙanana ake aiwatar da ita. A Ruwanda a 1994, an kashe mutum kimanin 800,000 cikin kwana 100, kuma mafi yawa ba da manyan makamai ba. Da adda aka yi, a hannun maƙwabta, bayan gidan rediyon RTLM ya shafe watanni yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai. Mai son ƙone gari yana bukatar dubban mutane da za su yarda su ɗauki ashana. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da daƙiƙar da zai ce eh ko a'a, kuma amsar da zai bayar a wannan daƙiƙa ba a ranar ake yanke ta ba. An riga an yanke ta a shekarun da ya yi yana horar da zuciyarsa, ko yana barinta sakaka.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a labarin mutum biyu na Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A farkon shekarun 1990 kowannensu jagoran matasa ne masu zafin kai, ɗaya a ɓangaren Musulmi, ɗaya a ƙungiyar matasan Kiristoci. Da rikicin Zangon Kataf ya tashi a 1992 a kan batun sauya wa kasuwa wuri, ya kuma bazu har cikin Kaduna, dukansu sun fita fagen daga. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa na ɗariƙa da 'yan uwansa biyu. Kowa ya koma gida da ƙudurin ramuwa.

A 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa hannuwansu a wani taro, ya ce su biyun nan za su iya kwantar da jihar in sun ga dama. Sun gaisa, amma gaisuwar fatar baki ce. Daga baya kowa ya faɗi gaskiya: Ashafa na neman hanyar da zai ɗauki fansa, Wuye kuma na zargin leƙen asiri aka turo masa.

Abin da ya karya zuciyar Ashafa huɗubar Juma'a ce. Liman ya kawo labarin zuwan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, garin Ɗa'ifa, yadda aka sa yara da wawayen gari suka jefe shi har jini ya jiƙa takalmansa, da yadda aka ba shi zaɓin a kife duwatsu a kan mutanen garin ya ƙi, yana fatan zuriyarsu ta shiryu. Ashafa ya san wannan ƙissa tun yana yaro, gidan malamai ya tashi. Amma ranar sai ya ji kamar da shi kaɗai ake magana, ya fashe da kuka a sahu. Da mahaifiyar Wuye ta kwanta a asibiti, ya ɗebi abokansa suka je duba ta. Dubiya ce irin wadda kowane Bahaushe ya saba yi, a zauna, a yi sannu, a roƙa wa mara lafiya sauƙi. Wuye ya sha faɗin cewa wannan ziyara ta girgiza shi.

Duk da haka zuciyarsa ba ta sauka nan take ba, kuma a nan ne labarin ya fi amfani ga mai karatu. Wuye ya bayyana da bakinsa cewa kusan shekara uku suna aiki tare, suna tafiye-tafiye, wani lokaci su kwana ɗaki ɗaya, amma in ya dubi dungun hannunsa ya dubi Ashafa yana barci, sai zuciya ta raya masa ya danne masa fuska da matashin kai. Bai yi ba. Dare bayan dare bai yi ba, har ranar da wani mai wa'azi ya gaya masa a Abuja cewa ba a yi wa Almasihu aiki da ƙiyayya a ciki. Waɗannan darare da babu wanda ya gani, su ne ainihin aikin zaman lafiyar. Cibiyar sasanci da suka kafa a Kaduna, da littafin da suka rubuta tare a 1999, da fim ɗin da aka yi a kansu a 2006, duk a kan wannan matashin kai da bai motsa ba aka gina su.

Malaman Musulunci suna da suna ga wannan aiki, tazkiyyar zuciya, wato tsarkake ta. Alƙur'ani ya ambaci rai iri uku: mai yawan umurni da mummuna a Suratu Yusuf, mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da natsattse a Suratul Fajri. Hanya ce ake takawa daga na farko zuwa na uku, kuma yawancin mutane a tsakiya suke ƙare rayuwarsu, suna kuskure suna nadama. Imam Gazali, wanda ya ajiye kujerar koyarwa mafi daraja a Bagadaza a 1095 don ya yi jinyar zuciyarsa, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin a kan fushi da ƙulli da hassada. A wurinsa fushi wuta ce da aka halitta a jikin ɗan Adam don ya kare kansa, don haka bai ce a kashe ta ba. Cewa ya yi a sa mata linzami, domin wanda ba ya fushi ko kaɗan ba zai kare wanda aka zalunta ba, wanda kuma fushi ke jansa ba zai gane wanda ya zalunce shi ba, kowa ya samu duka zai yi.

Maganin da hadisai suka kawo mai sauƙi ne har mutum zai iya raina shi: wanda ya fusata ya yi shiru, in a tsaye yake ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, ya nemi tsari, ya yi alwala. Buhari da Muslim sun rawaito cewa ƙarfi na gaskiya ba a kayar da abokin kokawa yake ba, a mallakar kai lokacin fushi yake. Kirista zai tarar da makamancin wannan a wasiƙar Yakubu da ta yi umurni da saurin sauraro da jinkirin fushi, da gargaɗin Bulus cewa kada a kwana da shi. Likitocin zamani sun zo sun bayyana abin da ke faruwa a jiki: in mutum ya ji barazana, jini na ɗaukar sinadarin da ke sa zuciya bugu da sauri, jijiyoyi su ɗaure, tunani ya ƙuntata, kuma jan numfashi a hankali na taimakawa wajen sassauta wannan hali. Tsakanin buta da famfo, tsakanin wanke hannu da shafar kai, mutum ya sami 'yan mintunan da hankalinsa ke bukata ya dawo gida.

Natsuwa ita kaɗai ba ta isa ba, domin akwai mai sanyin rai da bai damu da kowa ba. Dole sai ta fito waje ta zama hali. A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki da koyarwa a Arewa, mai suna Mutumin Kirki. Ya tattaro siffofi goma da Bahaushe ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura a jerin nan, kusan babu siffar da mutum zai iya nunawa shi kaɗai a ɗaki. Sai da wani ake gane su, a bakin rijiya, a kan ciniki, a wurin rabon gado.

Kakanni sun gina wa wannan kirki hanyoyin da zai riƙa gudana kullum. Doguwar gaisuwar da matasa ke gajiya da ita, a tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi, tana tilasta wa mutum ya dubi fuskar maƙwabcinsa kowace safiya. Ciyayya tana sa kwano ya tsallaka katanga da tuwo ya dawo da dambu. Da azumi a aika wa maƙwabta kunu da ƙosai, da layya a raba nama, da Kirsimeti shinkafa ta zo daga wancan gida. Sai wasan barkwanci, tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, Gobirawa da Yarabawa, inda mutanen da tarihi ya taɓa haɗa su da takobi suka mayar da gabar tsokana, har doka ce ba a fushi da abokin wasa. A 2014 UNESCO ta sa wannan al'ada ta ƙasar Nijar cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam. A Sudan ma, abin da ya rage a tsaye bayan hukumomi sun watse shi ne irin wannan: matasan unguwanni sun kafa ɗakunan girki na taimakon juna da suke kira takaya, bisa al'adar nafir, wadda ita ce gayyar Bahaushe. Ba su tsayar da yaƙin ba, amma sun hana mutane masu yawa mutuwa da yunwa.

Shin cuɗanya irin wannan tana canza mutum da gaske? An gwada a Kaduna. Wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun yi nazari a kan samari 849, Musulmi da Kirista, daga unguwannin da rikici ya fi shafa. An koya wa wasunsu kwamfuta na mako 16, wasu a aji gauraye, wasu a aji na addini ɗaya. Sakamakon da suka wallafa a 2018 bai zo yadda masu buri suka so ba. Ra'ayin samarin game da ɗayan addinin bai canza ba. Abin da suke faɗa da baki yana nan. Amma da aka ba su kuɗi aka ce su raba da wani, waɗanda suka zauna a aji gauraye sun fi waɗanda aka ware yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Hannu ya riga baki gyaruwa. Wannan ya dace da abin da Gazali ya koyar tun ƙarni tara da suka wuce, cewa mai rowa da kyauta yake koyon kyauta, yana yi zuciya na ƙi, har ta saba.

Shi ya sa rabuwar unguwanni abin tsoro ce. Bayan rikicin shari'a na shekarar 2000, wanda ya ci rayuka aƙalla 2,000, Kaduna ta tsage gida biyu, Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kiristoci suka koma kudu. Kowa ya ji ya fi samun barci a cikin nasa. Amma yaron da ya tashi bai taɓa cin abincin gidan wancan ɓangare ba, bai taɓa zuwa musu gaisuwar mutuwa ba, duk abin da aka gaya masa a kansu zai yarda.

Yanzu kuma mai gaya masa yana cikin aljihunsa. A ranar da Malam Abubakar ke kwance a ƙasa yana roƙo, wasu hotuna masu tayar da hankali suna yawo a Facebook, ana cewa ga abin da ake yi wa Birom a Gashish, a yankin Barkin Ladi. Binciken da BBC ta yi daga baya ya gano cewa hoton wani jariri da aka yaɗa ya riga harin fitowa da watanni, wani bidiyon kuma a Kwango-Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Washegarin harin wasu matasa suka tare hanya suna fito da matafiya daga mota. An kashe mutum 11, cikinsu har da wani mai sayar da dankali da ke komawa gida wurin iyalinsa. Harin Barkin Ladi gaskiya ne, zafin da matasan suka ji gaskiya ne. Amma waɗanda suka danna hoton ya wuce ba tare da sun tsaya sun tambayi asalinsa ba, suna da kaso a jinin mai dankalin. Umurnin Suratul Hujurati na a binciki labari kafin a yi aiki da shi, a yau a kan babban yatsa ya fi hawa.

Akwai wani kuskure da ya wajaba a kauce masa. A ƙasar Hausa an sha amfani da kalmar haƙuri a rufe bakin wanda aka cuta. A ƙwace gonar mutum a ce ya yi haƙuri, a kashe masa ɗa ba a kama kowa ba a ce ya bar wa Allah. Irin wannan haƙuri tara garwashi ne a ƙarƙashin toka. Adalci ma yana cikin siffofi goman nan, kuma shi ne rabon hukuma: a kama mai laifi ko ɗan waye, a raba ƙasa da ruwa da aiki bisa gaskiya. Natsuwar talaka ba ta ɗauke wa gwamna wannan nauyi. Abin da take yi shi ne ta sa mai neman hakkinsa ya nufi wanda ya ci masa hakki, kada ya huce a kan matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ashafa da Wuye sun san iyakar aikinsu. Ranar 22 ga Agustan 2002 suka taimaka aka haɗa shugabannin addini 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, a zamanin gwamna Ahmed Maƙarfi. Wata uku kacal bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ya tashi, mutum fiye da 200 suka mutu. Ba su ajiye aikin ba. Da Yelwan Shandam ta kama da wuta a 2004, aka kashe Kiristoci da dama a Fabrairu, aka kashe ɗaruruwan Musulmi a Mayu, har shugaban ƙasa Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato, sun yi ta kai-komo a garin suna zama da kowane ɓangare, har aka yi bikin sulhu a 2005.

Bayan zaɓen Kenya na ƙarshen 2007, wanda rikicinsa ya ci rayuka sama da 1,000, aka gayyaci Ashafa da Wuye wani gari mai suna Burnt Forest a yankin Rift Valley, inda Kikuyu da Kalenjin suka ƙone wa juna gidaje. Rikicin can ba na addini ba ne, na ƙasa ne da ƙabila da ƙuri'a, kuma baƙin biyu ba sa jin harshen kowane ɓangare. Har yau ba wanda ya bar aƙidarsa a cikinsu. Liman yana nan a kan tauhidinsa, fasto yana nan a kan bishararsa, kuma ba sa ɓoye saɓaninsu. A Burnt Forest suka tsaya gaban taron jama'a kafaɗa da kafaɗa, ɗaya da rawani, ɗaya da hannun roba, suka fara da ba da labarin abin da kowannensu ya taɓa shirya wa ɗan'uwansa.